Kafin ka zubar da salon hasashe 30 cikin 35, duba inda lokacin yake tafiya

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce kana aikin digiri na biyu a kan HEVC, ma'aunin matse bidiyo, kana gwaji da HM, wato inkodar da masu tsara ma'aunin suka rubuta, kuma in ka ba ta bidiyon 1080 ta matse da hasashen cikin-firam zalla, sai ka kwana ka tashi ba ta gama ba. Dabarar da ka yanke ita ce ka auna alƙiblar layukan hoto da matatar Sobel, mai gano inda haske ya canza a hoto, ka zubar da yawancin salon hasashe 35 tun kafin a gwada su, ka bar kamar biyar. Kana tambaya ko hanyar za ta ɓulle.

Za ta ɓulle, amma ba za ta kai ka inda kake zato ba, domin ba a nan gizo yake saƙar ba. Yawan salon shi ne abin da ido yake fara gani, shi ya sa kusan kowa da shi yake farawa. Lokacin kuwa wani wuri yake zuba.

Bari in ɗan koma baya saboda sauran masu karatu. Inkoda ba ta aika hoto yadda yake. Yanka shi take yi bulo-bulo, ta bi su daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama. In ta zo kan bulo, sai ta dubi layin fiksel da ke samansa da wanda ke hagunsa, waɗanda dikoda, mai warware bidiyon a wajen mai kallo, ta riga ta samu, ta kintaci abin da ke ciki da su. Tana iya jawo na sama su sauko a tsaye, ko na hagu su miƙe a kwance, ko ta jawo su a karkace ta wata kusurwa, ko ta cika bulon da matsakaicinsu, ko ta shimfiɗa haske a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Kowace dabara cikin waɗannan ita ake kira salo. Abin da ake aikawa shi ne lambar salon da ragowar da hasashen ya kasa kamawa. Ma'auni yana faɗin yadda dikoda za ta warware abin da aka aiko mata ne kawai, bai ce uffan ba a kan yadda inkoda za ta zaɓa. Duk abin da za mu tattauna a nan cikin wannan 'yancin yake, kuma duk dabarar da ka yi, bidiyon zai buɗu a kowace wayar da ke karanta HEVC.

A zamanin H.264, ma'aunin da ya gabaci HEVC, wanda aka kammala a 2003, bulon 4×4 salo 9 gare shi, na 16×16 salo 4, launi kuma salo 4. In aka ce a gwada komai da komai, babban bulo guda na 16×16 yana cin awo 592. A lokacin gani muke abin ya yi yawa. HEVC ya zo a 2013 da salo 35: shimfiɗa, matsakaici, da kusurwa 33. Amma babban canjin shi ne girman bulo. Babban bulo ya zama 64×64, kuma ana iya raba shi huɗu, kowane ɗa a sake raba shi huɗu, har a sauka 4×4. Ƙirga da kanka: 1 na 64, 4 na 32, 16 na 16, 64 na 8, 256 na 4. Bulo 341 ke nan a gida guda. Ninka da 35, ka samu hasashe 11,935. Firam ɗin 1920×1080 yana ɗauke da irin wannan gida 510, wato hasashe wajen miliyan 6 a hoto guda, ga kuma hoto 25 ko 50 a kowace daƙiƙa. Cikin ma'aunan da suka biyo baya, AV1 na 2018 ya kai kusurwa 56, VVC na 2020 ya kai salo 67.

To da me ake zaɓa? Da farashi. Kowane salo yana da ɓarnar da yake yi wa hoto da kuma bit ɗin da yake ci, sai a ninka bit ɗin da wata lamba da ake kira lamda, a haɗa da ɓarnar, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ya ci. Lamda ita ce kuɗin canji tsakanin bit da kyan hoto. A HM, ga firam mai hasashen ciki, ana samun ta ne da 0.57 a ninka da 2 mai ƙarfin (QP − 12) bisa 3. QP ita ce lambar da ke saita tsananin matsi. A QP 22 lamda tana wajen 6, a QP 32 wajen 58, a QP 37 wajen 184. Riƙe waɗannan lambobin, za mu dawo kansu.

Matsalar ita ce sanin ainihin farashin yana da tsada. Kafin ka san bit nawa salo zai ci, sai ka yi hasashen, ka cire shi daga hoton, ka juya ragowar da DCT, lissafin da ke tattara ta cikin 'yan lambobi, ka dunƙule lambobin, wato ka rage musu daidaito, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da lissafin CABAC, mai mayar da su bit, sannan ka warware komai baya ka sake gina bulon don ka auna ɓarnar. Wannan shi nake kira cikakken awo. Tela ne ya ce ba zai san yadin da ya dace da kai ba sai ya ɗinka maka riga da kowanne ka saka. Mutanen HM ba su yi haka ba. Sun sa rariya a gaba. Duk salo 35 ana yi musu awo mai araha da SATD, wato a juya ragowar da lissafin Hadamard a tara girman lambobin, a haɗa da ƙiyasin bit ɗin lambar salon. Daga nan a ɗauki 8 mafi araha in bulon 4×4 ne ko 8×8, ko 3 in ya fi haka girma, a ƙara musu salon da maƙwabta suka nuna in ba sa ciki, su kaɗai su shiga cikakken awo. Ko a nan ma an yi tsimi: ana gwada su ne ba tare da an bi duk rassan rarraba ragowa ba, sai wanda ya ci a yi masa wannan binciken shi kaɗai.

Yanzu sake ƙirgawa. Manyan bulo 21 ne, kowanne 3, ya ba da 63. Ƙanana 320 ne, kowanne 8, ya ba da 2,560. Cikakken awo 2,623 ke nan a kowane gida, ban da na maƙwabta, kuma kusan dukansu a kan bulon 4×4 da 8×8 suke. Ka ga inda kuɗin yake? Dabararka ta Sobel tana rage aikin rariya ne, alhali rariyar ita ce ɓangare mai araha. Ɗauki misali: in rariya tana cin kashi 20 cikin 100 na lokaci, ka rage mata kashi uku cikin huɗu, abin da ka tsira da shi kashi 15 ne, sannan ka biya kuɗin Sobel ɗin daga ciki. Wannan lissafin Gene Amdahl ya yi shi tun 1967, kuma bai taɓa yi wa kowa rangwame ba. Don haka aikinka na farko ba rubuta dabara ba ne. Kunna perf ko gprof, manhajojin da ke nuna inda lokaci yake tafiya, a kan HM, ka matse firam biyar, ka duba da idonka kason estIntraPredLumaQT, kason dunƙule lambobi mai auna farashi, da kason Hadamard. Yi haka a QP 22, ka sake a QP 37, za ka ga rabon ya canza, domin a ƙaramin QP lambobin da ba sifili ba sun fi yawa, kuma kowace lamba aiki ce.

Tunda rariya ce ke yanke wa zai shiga, ya kamata ka san dalilin da ya sa SATD ta fi SAD, don akwai masu komawa SAD saboda sauri. Ɗauki ragowa biyu na 4×4. Ta farko duk fiksel 16 ɗin sun kauce da 3. Ta biyu fiksel 15 daidai suke, guda ɗaya ya kauce da 48. In ka tara kaucewar kai tsaye, wato SAD, duka biyun 48 ne, kunnen doki. Amma juya su da Hadamard ka gani. Ta farko ta dunƙule ta zama lamba guda, 48, sauran 15 sifili. Ta biyu ta watse ta zama lamba 16, kowace girmanta 48, jimilla 768. Ta farko 'yan bit kaɗan za su ishe ta, ta biyu kuwa sai ta wawashe aljihu. Hadamard tarawa da ɗebewa ce kawai, babu ninkawa a ciki, amma tana hango abin da DCT za ta gani. Shi ya sa nake cewa kada ka raunana rariya don ka yi sauri. Ka ƙarfafa ta, don ka samu zarafin rage waɗanda za su wuce ta. Rariya mai kyau da ke barin salo 3 ta fi rariya mai yage da dole sai ta bar 8.

Sai maganar 'yan gaban goshi, waɗanda takardu ke kira MPM. HEVC yana duba salon da bulon hagu da na sama suka ɗauka, ya haɗa jerin salo 3 da aka fi zato. In salonka yana cikinsu, bit 2 ko 3 ne kuɗinsa. In ba ya ciki, tuta guda da bit 5, wato kusan 6. Bambancin bit 4 kamar ba komai ba ne, amma ninka shi da lamda ta QP 32: wajen 232. Raba wa fiksel 16, kowanne ya samu 14 da rabi. Ma'ana, a bulon 4×4, baƙon salo sai ya rage murabba'in kuskure da kusan 14 a kowane fiksel, ko ya rage bit ɗin ragowa daidai da haka, kafin ya yi kunnen doki da ɗan gaban goshi na farko. A QP 37 tazarar ta ninka fiye da uku. Abu biyu ke fita daga nan. Na farko, duk dabarar da za ka yi, kada ta taɓa fitar da 'yan gaban goshi, ko shimfiɗa, ko matsakaici. Matatar Sobel ba ta san da su ba, layi kawai take nema, kuma yawancin hoto ba layi ba ne: bango ne, sama ce, kunci ne, inuwa ce. Na biyu, in wanda ya zo na ɗaya a rariya ɗan gaban goshi ne kuma ya ba na biyu tazara mai kyau, babu dalilin kai mutum 8 cikakken awo. Kai shi kaɗai, ko shi da mai bi masa.

Wannan ta biyun ita ce dabarar da na fi so a duk fagen, saboda ba ta buƙatar wani sabon lissafi. Farashin rariya yana hannunka. Jera su, ka ce duk wanda ya wuce na ɗaya da kaso kaza ba zai shiga ba. A bulo mai layi ƙarara, ɗaya ko biyu ne za su tsira. A bulo mai ruɗani, inda farashin ya yi kusa da juna, da yawa za su shiga, kuma nan ne ake buƙatar su. Lamba 8 ɗin da ke HM ba ta bambanta mai sauƙi da mai wuya, kowa kuɗi ɗaya take karɓa.

Ban ce Sobel banza ce ba. Feng Pan da abokan aikinsa a Singafo sun wallafa wannan hanya ga H.264 a 2005: kowane fiksel ya jefa ƙuri'a ga alƙiblar layin da ya ratsa shi, nauyin ƙuri'ar gwargwadon ƙarfin layin, sai a gwada wadda ta fi ƙuri'a da maƙwabtanta biyu da matsakaici. A can ta yi tasiri, domin abin da ta maye gurbinsa cikakken awo ne na salo 9 duka, kuma kusurwa 8 suna da tazara a tsakaninsu. A HEVC kusurwa 33 sun matsu, waɗanda ke kusa da tsaye da kwance ma sun fi matsuwa, har bambancin wasu bai kai digiri huɗu ba. Matata mai faɗin fiksel 3 ba ta iya rabe su da kyau a cikin fiksel 16. Ga kuma wata matsala da ta fi wannan: Sobel tana kallon cikin bulo ne, alhali hasashe daga bakin bulo yake tasowa. Layi na iya ratsa bulon a karkace, amma in bai taɓa fiksel ɗin sama ko na hagu ba, babu abin da za a jawo. SATD tana ganin wannan, Sobel ba ta gani.

Na taɓa gwada irin hanyarka a kan wani bidiyon biki da aka ɗauka da dare da ƙaramar kyamara. A bidiyon gwaji masu tsabta sakamakon ya yi kyau. A wannan kuwa, tsakin hayaniyar kyamara ya cika bangon da ke bayan amarya, matatar ta riƙa ganin layi inda babu layi, ƙuri'u suka watse ko'ina, aka riƙa ba bango salon kusurwa alhali shimfiɗa yake so. Fayil ya kumbura, bangon kuma ya riƙa ƙyalƙyali daga firam zuwa firam. Tun daga ranar, duk inda zan yi amfani da alƙiblar layi, sai na sa sharaɗi: in babu alƙiblar da ta yi rinjaye sosai, a yi watsi da ƙuri'ar, a koma rariya.

In dai rage aikin rariyar kake so, akwai hanya mafi araha, kuma tana aiki a inkodar da mutane ke amfani da ita yau. Farashin kusurwoyi yana tafiya ne kamar kwari: in salo na 26 ne ya fi dacewa, na 25 da na 27 ma ba za su yi nisa ba. Don haka x265, sananniyar inkodar HEVC, in ka kunna mata --fast-intra, tana gwada kowace kusurwa ta biyar, ta ɗauki wadda ta fi, ta leƙa taki biyu hagu da dama, sannan taki ɗaya. Kusurwa 10 maimakon 33. Kvazaar ta Jami'ar Tampere a Finlan ma da manyan taki take farawa sannan ta riƙa rage su, kuma VTM, inkodar gwaji ta VVC, tana fara gwada 35 ne cikin 67, sannan ta duba maƙwabtan waɗanda suka yi fice. Inda wannan ke tuntuɓe shi ne hoto mai kwari biyu. Kalli saƙar tabarma da kyau: kaba ɗaya ta bi ta nan, ɗaya ta gitta ta. Haka zanen wasu atamfofi da aikin wuyan babbar riga. A irin wannan bulo alƙibla biyu ne ke takara, in ka riƙe guda ɗaya tun zagayen farko kana iya gangarawa kwarin da bai kai ɗayan zurfi ba. Maganin ba tsada: riƙe biyu mafi kyau daga zagayen farko, ka tace kowanne.

Yanzu ga inda nake so ka zuba ƙarfinka. Bulon da ba ka gwada ba gaba ɗaya ya fi kowane tsimin salo riba, domin ya tafi da rariyarsa da cikakken awonsa da na 'ya'yansa da jikokinsa. In ka yanke cewa bulon 32×32 ba ya buƙatar rabawa, ka tsallake bulo 84 a take: 4 na 16, 16 na 8, 64 na 4. Cikakken awo 652 ke nan da hukunci guda. Babu wata dabarar kusurwa da za ta ba ka haka.

Fara da wanda ba ya jawo asara ko ta bit ɗaya. Ka auna uwa, wato bulon kafin a raba shi, ka san farashinta. Ka shiga 'ya'ya huɗu, kana tara nasu. In bayan na biyu ko na uku jimillar ta riga ta wuce ta uwa, tsaya nan, ragowar ba za su rage jimilla ba. Sakamakon daidai yake da na wanda ya gwada komai. Haka a cikin cikakken awo: in bit ɗin da ka ƙirga zuwa yanzu, da aka ninka da lamda, sun riga sun wuce farashin zakaran da ke hannu, bar wannan salon. Ka kwashe irin waɗannan tukuna, kyauta ne. Daga nan sai masu ɗan kasada. In uwa ta gama cikakken awo aka tarar duk lambobin ragowarta sun zama sifili bayan dunƙulewa, da wuya rabawa ta ƙara wani abu. In bambancin haske a cikin bulon ƙarami ne ƙwarai in aka gwada da takin dunƙulewa, haka nan. Ta ɗaya gefen kuma, in bulon 64×64 cike yake da zane, kuma maƙwabtansa na hagu da na sama duk an farfasa su zuwa 8×8, ɓata lokaci ne ka yi masa awo a dunƙule, sauka ƙasa kai tsaye. Abin kiyayewa shi ne kada ka kafa iyaka da lamba tsayayya. Takin dunƙulewa yana ninkawa biyu duk lokacin da QP ya ƙaru da 6, don haka abin da yake "santsi" a QP 37 zane ne a QP 22. Ɗaura iyakarka a jikin takin ko a jikin lamda. Ɗalibai da yawa a nan suke faɗuwa: su gyara lamba a QP 32, ta yi kyau, a sauran ukun ta watse.

A VVC wannan magana ta ƙara nauyi. Babban bulo ya kai 128×128, kuma bayan rabon huɗu ana iya raba bulo biyu ko uku, a tsaye ko a kwance. Ga layin dogaro fiye da ɗaya, ga yanka bulo siri-siri a yi hasashensa kashi-kashi, ga hasashe da matiris. Shi ya sa a hasashen cikin-firam zalla VTM ta fi HM jinkiri fiye da ninki 20, kuma mafi yawan wannan daga rabon bulo yake. Wani abin da ke taimakawa a can shi ne bulo guda, a wuri guda da girma guda, ana iya isa gare shi ta hanyar rabo fiye da ɗaya. Ajiye hukuncin da ka yanke a karo na farko, ka sake amfani da shi. In ka ga dama wata rana ka karanta yadda VVenC ta cibiyar Fraunhofer HHI da ke Balin ta tsara saitocinta, za ka ga tsimi mai yawa daga rage zurfin rabo yake fitowa.

Za a ce maka ka sa koyon na'ura, kuma gaskiya an yi aiki mai kyau a nan. Mai Xu da abokan aikinsa a Jami'ar Beihang ta Sin sun wallafa a 2018 wata ragar lissafi da ke duban gidan 64×64 ta faɗi yadda za a raba shi. Shawarata biyu ce. Sa lokacin da samfurin kansa yake ci a cikin lissafinka, domin wani lokaci ƙaramar bishiyar hukunci mai duba abu huɗu ko biyar da inkoda ta riga ta lissafa ta fi babbar raga riba. Sannan kada ka tilasta masa amsa biyu. Ba shi uku: raba, kada ka raba, ban tabbata ba. In ya ce bai tabbata ba, a gwada duka biyun. Kuma ka sani kuskure ba ɗaya ba ne. Inda farashin rabawa da na rashin rabawa suka yi kusa, ko ya kuskure ba a yi asarar komai ba. Inda suka yi nisa, kuskure guda ya fi ɗari na farkon ciwo. Don haka adadin da ya canka daidai ba shi ne ma'aunin kyansa ba, a auna kowane kuskure da farashinsa.

Akwai abin da HM za ta ɓoye maka. An rubuta ta ne don ta nuna abin da ma'auni zai iya, ba don gudu ba. A x265 ana lissafa hasashe da SATD da umarnin furosesa masu aiki a kan lambobi da yawa lokaci guda. Rajistar AVX2 tana ɗaukar lamba 16 masu bit 16 a tashi ɗaya. Har wata hikima suke yi: salon kwance tamkar salon tsaye ne da aka kifar, sai su kifar da bulon asali sau ɗaya su gwada da shi, maimakon kifar da kowane hasashe. A irin wannan inkoda rariya ta ƙara araha, abin da ya ƙi saurin kuwa shi ne CABAC da dunƙulewa mai auna farashi, don kowace lamba tana jiran wadda ta gabace ta. Saboda haka dabarar da ta rage rariya za ta yi kyau a takarda, a kai ta inkodar gaske ta narke. Wadda ta rage cikakken awo kuwa tana bin ka duk inda ka je. Masu ƙera guntun lantarki na kyamara da waya wata damuwar ce da su: bulo ba ya iya farawa sai maƙwabcinsa ya gama ginuwa. Sukan kauce wa wannan ta hanyar yin rariya da fiksel ɗin asali na maƙwabta, a tace bulo da yawa a tare, sai a matakin ƙarshe a yi amfani da waɗanda aka sake ginawa. A ƙaramin QP bambancin kaɗan ne, a babba yana fitowa.

Ka kuma tuna cewa a bidiyon yau da kullum, inda firam mai hasashen ciki ke zuwa sau ɗaya a daƙiƙa ɗaya ko biyu, neman motsi ne ke cin lokaci. A can tsimin da ya fi shi ne kada a gwada hasashen ciki sam a bulon da hasashen motsi ya riga ya kama da kyau. Kuma ɓarnar da ka yi wa firam na farko tana bin duk waɗanda suka dogara da shi, don haka a nan ake sassauta hannu.

Batun awo kuma, a nan nake da zafi. Matse kowane bidiyo a QP 22, 27, 32 da 37, ka fitar da bambancin bit ta hanyar da Gisle Bjøntegaard ya kawo a 2001, ka auna lokaci a kwamfuta ɗaya da zare ɗaya, ba tare da wani aiki yana gudana ba. Cikin bidiyoyin gwaji da aka saba, kada ka tsaya a Kimono, don yawancinsa laushi ne, kowace dabara kyau take yi a kansa. Sa BQTerrace da PeopleOnStreet, sa bidiyon allon kwamfuta mai rubutu, ka kuma sa naka da ka ɗauka: taron mata cikin atamfa, da sararin sama ranar da hazo ya sauka. Na biyun don ido ne. PSNR, lambar da ake auna kyan hoto da ita, ba ta cika ganin matakalar da ke fitowa a sama mai santsi in an ba ta ƙananan bulo ko salon da bai dace ba, amma mai kallo yana gani tun daga nesa. Kuma kowane kaso na bit da ka ƙara, wani ne zai biya shi da kuɗin data, ba sau ɗaya ba, duk lokacin da aka kalli bidiyon.

Sannan cewa "na rage lokaci kaza da asarar bit kaza" ba ya nuna komai shi kaɗai, sai an san abin da hanya mafi sauƙi za ta bayar. Buɗe TComRom.cpp, ka nemo jadawalin g_aucIntraModeNumFast inda aka rubuta 8 da 3 ɗin nan. Mayar da 8 ta zama 6, ka matse. Mayar da ita 4, sannan 3, sannan 2, sannan 1. Gwada kuma hana 4×4 gaba ɗaya, da rage zurfin rabon ragowa. Zana kowane sakamako a takarda guda, lokaci a kwance, asarar bit a tsaye, ka haɗa ɗigogin da layi. Duk dabarar da za ka ƙirƙira, ta Sobel ce ko ta tazarar farashi ko ta koyon na'ura, sai ɗigonta ya faɗo ƙasa da wannan layin kafin ta zama aiki. Wannan gwajin ba zai ci maka fiye da mako guda ba in ka taƙaita shi ga firam takwas ko goma na kowane bidiyo. In ka gama, turo mini zanen tare da abin da perf ta nuna a QP 22 da 37, mu duba tare ko daga rabon bulo za ka fara ko daga rage masu shiga cikakken awo. Allah ya ba da sa'a.